Huhun Wani a Ƙirjin Yayana

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari yana koyon tafiya, akwai wata damuwa da nake kwana da ita nake tashi da ita. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, shi ma dariya yake mini. Tsoro nake yi kada yaron nan ya girma kawunsa bai taɓa ɗaukarsa ba.

Za ku ce wannan ma abin damuwa ne? A wurina shi ne. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, yayana ne ya zama mini uba. Shi yake goya ni zuwa makarantar allo a nan Zango in ruwa ya cika lungu, shi yake cire mini ƙaya a kifi. Boko ban yi nisa ba, ɗan karatun da nake rubuto muku wannan da shi ma a bakin ƙofa ya koya mini. Ya tafi Turai tun ban yi aure ba, ya samu aiki a inda ake yanka duwatsu ana goge su. A gidanmu kuwa, ɗan 'ya mace sai kawunsa ya ɗauke shi, ya dafa kansa, ya yi masa addu'a. Haka aka yi wa kowa. Nawa aka yi suna, aka yi aski, haƙora suka fito, hannun kawunsa bai taɓa kansa ba.

Ni kuma Allah Ya yi ni da sa ido da saurin tsorata. Mma, mahaifiyata, takan ce ko kaza ta yi tari sai na nemi kai ta asibiti. Tun ina da cikin yaron na lura muryar yayana ta canza a saƙon murya da yake turo mini. Da, in ya fara surutu sai wayata ta yi zafi. Sai saƙon ya koma gajere. "Assalamu... alaikum... ƙanwata." Sallama ɗaya sai ya yanka ta gida-gida. A bayansa kuma akwai wani sauti, sssss, kamar ruwa yana ɗiga a kan garwashi. Kiran bidiyo ya daina ɗauka. Na tambaye shi mene ne wannan ƙarar, ya ce injin ɗumama ɗaki ne. Na tambayi maigidana, ya ce, "Kin fara ko? Sanyin ƙasar ne. Ki kula da cikinki."

Da cikina ya tsufa sai ya yi shiru gaba ɗaya, wata da watanni. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ke kawo mana labari: yana lafiya, wayarsa ce ta lalace, aiki ne ya yi masa yawa, yana gaishe ku. Bayan na haihu da 'yan watanni muryar ta dawo, cike, har da dariya. Na yi hamdala. Amma a raina na ce, mutumin da ya iya yin shiru har ƙanwarsa ta haihu, zuciyarsa ta fara barin gida.

Yaron ya kusa shekara biyu, da damina, Baffa ya zo ya ce yayana yana tafe.

Ku zo ku ga Mma. Ta sa aka kwashe kaya daga ɗakin mahaifinmu, aka yi fenti, aka shimfiɗa kafet. Ta buɗe kwalbar turaren wutan da take ɓoyo a ƙasan akwati, wanda ko a bikina kaɗan ta ɗiba. Kullum da safe da yamma ni ke ɗebo garwashi a kasko, ita ta barbaɗa turare, mu rufe taga da ƙofa, mu cusa tsumma a ƙasan ƙofar don kada ƙamshi ya gudu. Labule, katifa, matashi, har bango sai da ya sha. Da magariba mu ƙara da maganin sauro na kunnawa.

Baffa ya leƙo wata rana yana tari, ya ce, "Hajiya, da kun rage hayaƙin nan."

Mma ta ce, "Don me?"

Ya sosa gemu. "A'a, kawai dai. Mutanen Turai ba su saba ba."

"A cikin hayaƙin nan na haife shi, a cikinsa ya girma. Tun yaushe ka fara sanin aikin mata, Malam?"

Baffa ya ja bakinsa ya fita. Maigidana yana wurin. Na ga ya buɗe baki ya rufe, na ɗauka hamma ce.

Ranar da ya iso, tasi ta tsaya a bakin lungu, yara suna ihu, "Boga! Boga ya zo!" Haka muke kiran wanda ya dawo daga Turai. Na fito da gudu ko takalmi babu. Sai na ga mutum da takunkumi a hanci, irin wanda muka sa lokacin korona, alhali kowa ya daɗe da yar da nasa. Kumatunsa sun yi bul-bul amma wuyansa siriri. Da ya ɗaga hannu yana gaishe mu na ga yatsunsa suna ɗan rawa. Maza suka miƙa hannu, ya dafe ƙirji ya rusuna. Ya durƙusa gaban Mma, ta kai hannu za ta jawo shi, ya ɗan kauce yana cewa, "Mma, bari in wanke ƙurar hanya tukuna."

Mma ta wuce gaba da makulli, fuskarta tana sheƙi. Ta buɗe ɗakin. Ƙamshin ya fito kamar mutum, har yanzu kaskon safe yana hayaƙi a lungu. Yayana ya ja da baya da sauri har ya taka buta. Ya juya ya fita tsakar gida yana tari, ya dafa bango. Baffa ya riƙe masa jaka ya ce, "Dama an kama masa ɗaki a otal, can wajen Aboabo. Ya fi iska."

Mma tana tsaye da makulli a hannu.

Na ce bari in gyara abin. Na jawo ɗana, wanda murar damina ta kama, hanci yana zuba. Na goge masa da bakin zanina, na tura shi gaba. "Je ka, ga kawunka. Yaya, ga ɗanka nan da ba ka taɓa gani ba." Yaron ya tafi da gudu, hannu a sama, don shi kowa yake so ya ɗauke shi.

Yayana ya mayar da hannayensa baya. Ya ja taku ɗaya, ya ƙara wani. Ya ce, "Masha Allah, ya girma. Daga nan ma ina ganinsa. Riƙe shi, ƙanwata."

Yaron ya tsaya a tsakiya da hannu a sama, yana kallon wannan yana kallon wancan. Na sure shi na shige ɗaki.

Zango ba ta barin magana ta kwana. Washegari a bakin famfo wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ei, yayanku ya zama Bature paa, Bature sosai! An ce ko tuwo ba ya ci a kwano ɗaya da mutane." Gaskiya ta faɗa. Yana zuwa gida da rana ya zauna a waje inda iska take, da ruwansa na kwalba da cokalinsa. In an hura wuta ya koma bakin ƙofa. Wayarsa ta yi ƙara, sai ya ciro wani ɗan akwati mai gida-gida ya haɗiye ƙwayoyi. Wata ta ce girman kai ne. Wata ta rage murya ta ce ƙwayoyin nan fa, Allah Ya sa ba mugun ciwo ya kwaso ba. Ni da nake ji da kaina wajen lura, na ga takunkumi, na ga rawar hannu, na ga ƙwayoyi, amma duk na kasa haɗa su wuri ɗaya, don abu ɗaya ne ya tsaya mini a ido: hannayen nan biyu da ya ɓoye a baya. In ya shigo sai in gaishe shi a tsaye in wuce da ɗana a goye.

Sai ya ce ranar Juma'a zai yi sadaka, a kira malamai. Ba wanda ya san ta mece ce. Wasu suka ce takardun zama ya samu, wasu suka ce aure zai nema. Ya roƙi a kafa rumfa a waje, a yi girki a bayan gida nesa da mutane. Mma ta yarda da wannan, amma ta ce malamai ba za su zauna a ƙofar gidanta ba turare ba, ko ɗan wa ya dawo daga ina.

Bayan an sauko daga masallaci malamai suka zauna a kan tabarmi, yayana yana gefe a kujerar roba da farin kaftani da takunkuminsa. Mma ta cika kasko, ta zuba turare da hannu sake, ta ce in kai. Na ɗauko, hayaƙi yana tashi har yana rufe mini ido. Na fito zaure ke nan ya hango ni, ya miƙe.

"Ƙanwata, tsaya nan. Don Allah koma da shi."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko kallon idonsa ba na yi in yana magana. Na ce, "Yaya, in warin gidan nan ne ya dame ka, ka faɗa mana mu sani. Ɗakin Baba ka ƙi, tuwon Mma ka ƙi, yanzu turaren malamai ma ka ƙi. Duk na yafe. Amma ɗana fa? Ɗana kare ne da za ka ɓoye hannu?"

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi." Maigidana ya taso ya karɓe kaskon ya ajiye can bakin kwata.

Yayana bai yi fushi ba. Ya ce, "Kira Mma. Baffa, ku zo. Kai ma zo." Ya nuna maigidana. Muka shiga tsakar gida, ya sa aka tura ƙofar zaure. Ya tsaya a gaban Mma, ya fara ɓalle maɓallan kaftaninsa, yatsun nan suna rawa. Ya cire, ya ɗaga singileti.

Wani ɗinki ne ya taso daga ƙarƙashin wannan hammata, ya bi ta ƙasan nono, ya ratsa tsakiyar ƙirji, ya ƙare a waccan hammata. Kamar an buɗe akwati an rufe. A ƙasansa ga wasu ƙananan tabo zagaye.

Ya ce, "Mma, huhun da kika haife ni da shi babu shi. Ƙurar dutse ta cinye shi, duka biyun. Wanda nake numfashi da shi yanzu na wani ne, aka dasa mini. Yau shekara biyu cif. Sadakar ke nan."

Na zauna a ƙasa daɓas, kan siminti mai jiƙa. Ni dai na san ana ƙara wa mutum jini. Na taɓa jin ana ba mutum ƙoda. Amma huhu? Abin da nake gani a tire wurin mahauci? A cire wa mutum numfashinsa a sa masa na wani, ya tashi ya hau jirgi ya zo ya taka mana buta? Kun san abin da ya fito daga bakina? Na ce, "To naka ɗin ina suka kai shi?" Duk maganar duniya, wannan na samu. Har yau in ya so tsokanata sai ya ce yana nan ya ajiye mini a firji.

Ya dube ni ya ce, "Ƙarar nan da kika tambaye ni, ba injin ɗumama ɗaki ba ne. Iska ce ake ba ni ta roba a hanci. Ke kaɗai kika ji ta. Ƙwayoyin da nake sha kuma suna kwantar da ƙarfin jikina ne, don kada jikin ya ga baƙo ya yaƙe shi, su ne kuma suke sa mini rawar hannu. Shi ya sa hayaƙi yake mini illa. Murar da yaronki zai yi yana wasa ya warke, ni tana iya kwantar da ni a asibiti, huhun ya tafi. Kin san yadda na ji da ya taho da hannu a sama?"

Na sunkuyar da kaina ƙasa.

Mma ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta miƙa hannu, ta tsaya a hanya. "Ana taɓawa?"

"In kin wanke hannu, Mma."

Ta je bakin randa ta wanke da sabulu har gwiwar hannu, ta dawo ta bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta ajiye tafinta a tsakiya tana jin yadda yake hawa yana sauka.

"Na wane ne?"

"Ba sa faɗa."

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Mma. Sai wanda ya rasu ake ɗaukar nasa, da yardarsa ko ta danginsa."

"Yana da uwa?"

"Ban sani ba."

"Yana da ita," in ji Mma. "Tana can ta binne ɗanta, nawa yana tsaye."

Sannan ta juya ga Baffa. "Malam, ka sani?"

Baffa ya ce, "Hajiya, mun duba hawan jininki ne. Ita kuma yarinyar nan tana da tsohon ciki, daga baya tana shayarwa, muka ce kada nononta ya ɗauke. Muka ce a bari ya zo da ƙafarsa."

"Mun? Ku su wa?"

Na ɗaga kai. Maigidana yana kallon silifas ɗinsa kamar yau ya fara ganinsu. Mutumin da nake kwana ina gaya masa muryar yayana ta canza, yana ce mini sanyi ne. Na ce, "Kai ma?" Ya ce, "An sa ni rantsuwa ne." Wannan ya girgiza ni kusan kamar ɗinkin.

Mma ta ce, "Kuna tsaye ina cika masa ɗaki da hayaƙi safe da yamma. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma kuna kallo. Da kunya ta sa ya kwana a ciki don kada ya ɓata mini rai fa? Da hannuna zan kashe ɗana, ku kuna tsaron hawan jinina?"

Yayana ya ce shi ma da laifinsa, ranar da ya iso ya so faɗa, ya ga fuskarta da makulli a hannu ya kasa. Mma ta ɗauki buta, ta fita har bakin kwata inda kaskon yake, ta juye masa ruwa. Ya yi sssss. Sautin nan na san shi.

Daga nan ta tsaya a bakin zaure, ta ja mayafi, ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta yi wa malamai magana da kanta. Ta gaya musu abin da aka yi wa ɗanta. Salati ya tashi ta ko'ina. Ta ce a yi godiya ga Allah, kuma a roƙa wa wata mata da ba ta san sunanta ba, ba ta san ƙasarta ba, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Babban malamin ya ce, "Allah Ya san ta, Hajiya." Aka ɗaga hannu. Maƙwabciyar nan tamu ta bakin famfo ta fi kowa kuka.

Saura maganar ɗana. Yayana ya ce in murar ta warke sarai kafin ya koma, zai ɗauke shi. Likitocinsa ba su ba shi dogon lokaci ba, kwanakin da suka rage kaɗan ne. Ban taɓa kallon wani abu a duniya kamar yadda na kalli hancin yaron nan ba. Na kai shi asibiti, na hana shi wasan ruwa, na raba shi da yaran gida, ina bin sa da riga mai kauri yana cirewa. In ya yi atishawa sai in ruga da tsumma in goge masa hanci. Mma ta ce, "Ki bar hancin nan ya huta, za ki goge shi ya ƙare."

Ana saura kwana biyu ya tafi hancin ya bushe. Yayana ya ce a ƙara jira a tabbata. Ranar tafiyar da hantsi, jakunkuna suna cikin tasi, na yi wa yaron wanka har sau biyu, na yanke masa farce, ban shafa masa ko hoda ba. Na kawo shi tsakar gida na tsaya nesa, don na kasa tura shi. Tsoro nake kada ya tuna ya ƙi zuwa.

Yayana ya durƙusa, ya buɗe hannayensa biyu. Yaron ya dube ni, ya dube shi, ya ruga.

Ya ɗaga shi, ya dafa kansa, ya fara Fatiha. Ina sauraro da kunnen nan nawa. Mutumin da yake yanka sallama gida-gida, ya ja ayoyi a jere bai tsaya neman iska ba. Yaron ya kwantar da kai a ƙirjinsa, daidai kan ɗinkin, ya yi lamo. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, fuu, fuu," yana kwaikwayon abin da ya ji a ciki. Mma ta rufe fuska da mayafi. A ranar ta yi kukanta.

Yanzu yaron yana makaranta, ya samu ƙanwa. Yayana yana can, yana shan ƙwayoyinsa, saƙonsa ya koma sa wayata zafi. Duk shekara in ranar ta zagayo Mma tana soya waina a bakin titi ta raba wa duk wanda ya wuce, ta ce rabi godiya ce, rabi na matar nan ne. An cire kafet a ɗakin Baba, an wanke bango, ba a sake kai kasko ciki ba. Da ya sake zuwa a nan ya kwana, taga a buɗe, cikin gidan sauro. Jiya aka yi sadakar bana, shi ya sa abin ya dawo mini sabo. Har yau in na ji muryarsa sai in tsaya in ce, wannan iskar ta ƙirjin wani take fitowa. Ban saba ba, kuma ba na jin zan saba. Maigidana kuwa na yafe masa, amma in ya ce mini "ba komai" sai na sake tambaya.

Roƙona gare ku, musamman maza: in wani naku ba shi da lafiya, ku gaya wa matan gida gaskiya, ko tana da ciki, ko ta tsufa. Za mu yi kuka mu share. Mu ne muke hura wuta, mu ne muke sa turare, mu ne muke miƙa yara. Don Allah ku gaya mana.